Fallayen da Lawali Ya Zare

Kuna ganina zaune da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, kuna cewa aikin Malam Sule ai ba wani abu ba ne, kyan rubutu ne kawai. Ranar nan ma ɗayanku ya ce da ni, shi da kwamfutarsa zai gama a yini guda abin da nake shafe wata ina yi. Ban musa masa ba, don gaskiya ya faɗa. Sai dai akwai abin da bai sani ba, kuma tunda yau kun zauna, ku bari in faɗa muku da bakina kafin ku ji a bakin wanda bai taɓa riƙe alƙalamin kara ba.

Ni mai kwafar littattafai ne da hannu, na Larabci da na ajami. A Bungudu na koya, wurin Malam Mudi, Allah ya jiƙansa. Lokacin da mahaifina ya kai ni gare shi na riga na sauke, rubutuna kuma duk makarantarmu ana yabonsa, saboda haka na je da girman kai. Malam Mudi ya dubi allona sau ɗaya, ya ajiye, ya miƙo mini kwando ya ce in je in tsinto bagaruwa. Damina ta zo ta wuce ban taɓa takarda ba. Aikina in jiƙa bagaruwa da kashin maƙera, in tace, in sa ƙaro daidai gwargwado. In ƙaron ya yi yawa tawada ta yi danƙo, fallaye su manne da juna lokacin zafi. In ya yi kaɗan ta bi takarda ta watsu, harafi ya yi gashi. Bayan tawada sai fiƙe alƙalami. Gamba ake nema wadda ta bushe a tsaye, ba wadda ruwa ya kwantar ba, kuma kowane littafi da bakin alƙalamin da ya dace da shi. Na ɓata gamba da za ta isa jinkan ɗaki kafin ya karɓi guda ɗaya daga hannuna bai karya ba.

Ranar da ya fara ba ni takarda, wata 'yar waƙar wa'azi ce ya ce in kwafa. A tsakiyarta na ga wani baiti da na tabbata marubucin farko ya yi kuskure, sai na gyara, ina jin daɗin kaina. Malam Mudi ya karanta, ya zo wurin, ya tsaya.

"Wa yas sa ka?" ya tambaye ni.

Na ce ai kuskure ne, Malam.

"Na sani kuskure na. Hannunka anka ɗauka haya, ba hankalinka ba. Abin da kag gani shi za ka rubuta. In shina damunka, yi alama a gehe, ka bar mai karatu da nashi hankali."

Ya sa na sake fallen tun daga farko, da kuskuren a ciki. A wannan sana'a ba a gogewa, ba a kankarewa. Falle in ya ɓaci ya ɓaci, ko da a layin ƙarshe ne.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Akwai malamai masu son littafin da suka ara ya zama nasu. Akwai 'yan kasuwa da ke kai rubutunmu maɗaba'a a ɗauki hotonsa a buga da yawa, su baza a kasuwannin ƙauye, Magami da Ruwan Bore har gaba. Su waɗannan kullum sauri suke so, kuma kullum sai sun ce rubutun ya yi manya yana cin takarda. Na tuna wani dattijon Bafulatani da ya zo daga ruga da littafin kakansa ƙunshe a cikin fatar akuya. Gara ta ci gefe guda, ruwa ya taɓa ɗaya gefen. Bai iya karanta shi ba, amma ya ce ɗansa zai iya. Na kwafe abin da ya rage, inda gara ta ci na bar wurin fari. Da ya zo karɓa ya ɗora yatsa a kan fararen wuraren ya tambayi dalili, na gaya masa. Ya ce to, gara haka, ɗan ya san akwai abin da ya ɓace.

Da na yi aure na dawo Gusau, na kama ɗan shago a Tudun Wada, ina cin abincina cikin rufin asiri. Sai aka ba mu jiha, Gusau ta zama babban birni. Kowa murna yake, ni ma na yi. Ofisoshi suka zo, tare da su kuma injin fotokwafi ya zo, aka kafa shi kusan kowace kwana. Malamin da a da zai kawo mini littafi ya jira ni har kaka, yanzu sai ya miƙa wa mai inji, kafin ya gama gaisawa an ba shi. Rubutun ya fito dishi-dishi, jan wasali ya koma baƙi, amma wa ya damu. Ga wahalar man fetur da ta hana 'yan kasuwa yawon ƙauye, ga takarda ta yi tsada. Shekarar nan tawada ta bushe mini a kurtu ba don zafi ba, don rashin abin rubutawa. Matata ta sayar da awakinta. Ni kuma na fara tunanin komawa Bungudu in riƙi fartanya, ga ido ya fara rauni. Ban taɓa jin kunyar sana'ata ba sai a wannan shekara.

Cikin wannan hali ne wata safiya wani mutum ya yi sallama a ƙofar shagona. Dogo ne, siriri, ya naɗa rawani irin na Buzaye, gashi ya sauko masa har wuya. Ban san shi ba, amma samarin layinmu sun sani, don kafin ya zauna sun taru a bakin titi suna leƙe.

"Kai am Malam Sule mai rubutu?"

Na ce ni ne.

"Sunana Lawali, mutumin Tsahe. Aiki nika so ka yi min, amma ban sani ba ko ka taɓa yin irinai."

Ya ciro wani littafin boko daga jaka ya ajiye a gabana. Sai a lokacin na gane ko wane ne. Ba zan faɗi sunan littafin ba, amma a shekarun nan ba inda ba a maganarsa. Masu ba da hayar littattafai har bangonsa ya yage a hannunsu. Samari suka dinga barin gashi suna naɗa rawani irin nasa, masu wa'azi kuma suna ambatonsa a kan mumbari, ba da alheri ba. Labarin wani Bawa ne, ɗan malami, da ya gudu daga gida ya shiga duniya yana neman Allah a inda ba a saba nemansa ba. An ce ƙagaggen labari ne, amma duk mutumin Tsafe ya san Bawa Lawali ne, malamin kuma mahaifinsa ne, Malam Isiyaku.

Na ce masa ni littattafan addini nake kwafa, ba tatsuniya ba. Bai ji haushi ba.

"Malam, mutum guda nir rubuta ma littahin ga, kuma shi kaɗai na bai karanta ba. Baba ba shi karatun boko. Mutane suna zuwa suna karanta mai inda sunka zaɓa, munanan wurare kawai. Ya rantse ba ni taka zaurenai, kuma yac ce bai yahe min ba. Ga shi ya tsuhwa, ba shi da lahiya. So nika shi karanta da idonai, cikin ajami, rubutun da yas sani, tun daga hwari har ƙarshe. In ya kai ƙarshe zai ga inda nik koma. Ina tsoron shi rasu da hushina."

Na so in ce a'a. Amma babu aiki a gabana, kuma ban taɓa ganin mutum mai suna kamar nasa ya zauna a ƙasa ya sunkuyar da kai haka ba. Na karɓa.

Bokona ba mai ƙarfi ba ne, saboda haka muka shirya shi zai dinga karantawa ina rubutawa, in an gama babi ni in karanta nawa shi yana bin nasa, don kada a tsallake komai. Na dafa sabuwar tawada, na sayo takarda mai kauri, na fiƙe alƙalami mai faɗin baki saboda idon tsoho. Na yi shi kamar yadda ake yin littattafanmu: ba ɗinki, fallaye ne warwatse, a haɗa su tsakanin kwali biyu a sa a gafaka. Kuma da yake ba a ɗinkewa, a ƙasan bayan kowane falle ana rubuta kalmar da fallen gaba zai fara da ita. Ko iska ta watsa littafi, da waɗannan kalmomi ake jera shi ya koma yadda yake.

Daga ƙarshen damina har sanyi ya shiga muna wannan aiki. Ni da ban taɓa wuce Kano ba, na bi Bawa a bayan babbar mota zuwa Agadas, na bi shi tare da masu fataucin gishiri, na bi shi har Sudan. Ya zauna da wani shehi da ya sa shi ɗiban ruwa bai koya masa ko harafi ɗaya ba. Ya bar shi ya koma wurin wani da ke sa almajiransa zikiri har su faɗi. Ya zauna da makaɗa, ya sha wiwi, ya kwana a tasha. Daga baya ya faɗa wani birni a bakin teku inda yake kaɗa gurmi, baƙi suna tafa masa, ana sayar da kaset ɗinsa, shi kuma in ya koma ɗaki sai ya ji kamar an kwashe masa kayan ciki. Wani wurin in yi dariya, wani wurin in ajiye alƙalami in ce, "Lawali, wanga ma sai an rubuta?" Sai ya ce ai yana cikin asali. Dokar tamu ce, sai in ɗauki alƙalami in rubuta.

Akwai babi ɗaya da ya yi ta ɗagawa, yana cewa mu wuce ma dawo, alhali kusa da farkon littafin yake. Na ce ba zan iya sa kalmar ƙasan falle ba sai na san abin da ke biye, dole ya karanta. Ya karanta da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Bawa yana ƙarami ya haɗa ɗan abin kiɗa da gwangwani da tsirkiya, yana kaɗawa a bayan gida. Uban ya kama shi, ya sa aka ɗaure shi a turken doki a ƙofar gida, ya tara almajirai da maƙwabta, ya yi masa bulala. Kuma duk saukar bulala sai uban ya yi kabbara. Daga nan labarin ya tsallaka gaba, inda Bawa ke cewa ya daɗe ba ya salla a cikin tafiyarsa, ba don ya daina yarda da Allah ba, sai don duk sa'ad da aka yi kabbara bayansa ke amsawa kafin zuciyarsa. Ya ce ya tsani ubansa, kuma ya daɗe bai iya raba uban da Ubangijin da uban ya koya masa ba.

A wurin nan na ɓata falle guda na sake. Na yi istigfari, na rubuta abin da na ji.

Da aka kammala, ni ne zan kai, tunda shi ba ya shiga gidan. Ya raka ni tasha. Muna tsaye muna jiran mota ta cika sai ya karɓi gafakar, ya buɗe, ya zare fallayen wancan babi ya sa a aljihun rigarsa.

Na ce, "Zai gane."

"Idonai ya yi rauni, ba shi lura. In yak karanta wanga wuri, tsine min zai yi, ba shi kai ƙarshe. Bari shi ga ƙarshen tukuna."

Littafinsa ne, ubansa ne. Na shiga mota.

Na sami Malam Isiyaku a zaure, zaune a kan buzu an tokare masa baya da matashi, ƙafafunsa sun kumbura. Ƙanen Lawali, Bashiru, shi ke jinyarsa, shi ya yi mini iso. Da na faɗi abin da ya kawo ni fuskar tsohon ta ɗaure, na ɗauka kora ta zai yi. Amma malami ba ya ganin gafaka ya ƙi buɗewa. Ya ciro fallen farko, ya kai shi kusa da ido, ya juya shi wajen haske.

"Wanga hannun Bungudu na. Wurin Mudi kak koya?"

Na ce e.

"Ashe Mudi ya bar baya. Kuma da hannun ga anka rubuta shirmen ga." Ya miƙo mini gafakar. "Aje shi nan."

Bai sa shi cikin littattafansa ba, bai kuma ce a fitar da shi ba. A gefen buzu na bar shi na dawo Gusau.

Ba a daɗe ba wani direba ya kawo mini saƙo cewa Malam Isiyaku na nemana. Na tarar ya ƙara ramewa. Gafakar na kan cinyarsa, ya raba fallayen gida biyu, kaɗan a dama, masu yawa a hagu. Ya miƙo mini na ƙarshen waɗanda ya karanta, ya ɗora farce a ƙasansa.

"Mi anka rubuta nan?"

Na ce, "Turke."

"Wanda ab biye hwa, da mi yaf fara?"

Na ce, "Agadas."

"Kai kaz zare ko shi?"

Na ce shi ne.

"Na san turken. Ni nik kahwa shi." Ya mai da fallen wurinsa ya rufe gafakar. "Tahi ka hwaɗa mai, tun da nike ban taɓa tsallake giɓi cikin littahi in ci gaba ba, ba ni hwarawa yanzu. In gaskiya yaz zo da ita, shi kawo ta dut, da hannunai. In kuwa gyaran huska yaz zo yi, to shi bar ni in mutu cikin abin da nis sani."

Kun ga inda maganar ta tsaya. Duk abin da Lawali ke so uban ya gani yana can ƙarshe, inda Bawa ya gaji da tafi, ya koma ga salla, yana kewar gida. Tsohon kuma ya ce ba zai kai can ba sai ya bi ta kan turke.

Na faɗa wa Lawali. Ya saurara, ya ce zai yi tunani, washegari aka ce ya tafi Kaduna. Lokacin ne sunansa ya fi tashi. Yau a gayyace shi nan, gobe can. Na ji shi a rediyo ana hira da shi, yana ba da labarin hamada yana dariya, mai tambaya na kiransa muryar sabon zamani. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san abin da ke aljihunsa kuma na san wanda ke jira. Mutumin da ya ratsa ƙasashe shi kaɗai ba guzuri, ga shi ya kasa tafiyar da ba ta kai rabin yini ba.

Da Bashiru ya aiko cewa jikin ya tsananta, tsohon ya daina cin abin kirki, na ji labarin Lawali ya dawo Gusau, na neme shi a masaukinsa. Na tarar da shi cikin samari masu rawani, ɗaya yana karanta masa wani wuri daga littafin da ka, sauran suna jinjina kai. Na ja shi waje na gaya masa. Ya ciro fallayen, sun yi laushi don yawan riƙo, ya miƙo mini.

"Kai mai su, Malam. Don Allah."

Na ce, "Da hannunka yac ce. Raka ka zan yi, ɗauka kam ba ni yi."

Ya mai da fallayen aljihu. Sannan ya koma ciki, ya fito ba rawani, ya sa hula.

Da hantsi muka isa Tsafe. Duk hanya ina tunanin yadda za a yi da rantsuwar, don malami irin Malam Isiyaku ba ya rantsuwa ya taka. Ashe ya riga ya yi nasa shirin tun da aka gaya masa muna tafe. Ya sa an ɗauko shi an fito da shi ƙofar gida, an shimfiɗa masa buzu a gindin dalbejiya. Zaure na nan ba wanda ya taka shi. Amma ƙofar gida fili ce, kuma gari ya ji. Maƙwabta sun fito, dattawa sun zauna a kan dakali, cikinsu har da waɗanda suka yi karatu a gidan tare da Lawali, yanzu gemunsu ya fara fari.

Lawali ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya amsa gaisuwar kamar yadda ake amsa ta baƙo. Lawali ya miƙa fallayen da hannu biyu. Uban bai karɓa ba.

"Idon ya tahi tun makon jiya. Karanta."

"Baba, nan? Gaban mutane?"

"Gaban mutane anka yi shi."

Lawali ya daɗe rabonsa da ajami, ya fara yana tuntuɓe, yana komawa baya. Daga baya na ga ba takardar yake bi ba sosai, abin yana kansa. Ya karanta gwangwanin, ya karanta turken, ya karanta kabbarar. Da ya zo inda Bawa ke cewa ya tsani ubansa sai ya tsaya. Tsohon ya ce, "Ci gaba." Ya ci gaba har ƙarshen fallayen. Ni dai ina kallon bakin tsohon, ina jiran kalmar da za ta raba su har lahira, kuma ina jin tsoro, don da hannuna aka rubuta abin da zai jawo ta.

Malam Isiyaku ya juya wajen dakali, ya kira sunan ɗaya daga cikin tsofaffin almajiransa.

"Kana nan ranar. Haka anka yi?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Haka anka yi, Malam."

"Har kabbarar?"

"Har ita, Malam."

"Ni ban tuna ta ba," in ji tsohon. Ya faɗa a hankali, kamar da kansa yake magana. "Bulalar na tuna. Ita ban tuna ba." Ya juyo inda yake jin numfashin ɗansa. "Yanzu kana salla?"

"Ina yi, Baba."

"Har yanzu kana jin ta?"

Na so Lawali ya ce a'a, kowa a wurin ya so ya ce a'a.

"Wani lokaci, Baba."

Tsohon ya rufe ido. Hawaye ya bi ta gefen hancinsa ya shiga gemu, bai share ba. Ya ce, "Malam Sule, kai da jama'ar ga ku shaida. Lawali, ka yahe min."

"Baba, ni niz zo neman gahwara. Ni nib bar gida, ni nij jawo maka magana."

"Taka ba ta da wuya, na yahe ma duniya da lahira. Yaro ya gudu daga ubanai, wanga ana yi. Ni kuwa tsakaninka da Ubangijinka nish shiga da bulala, kuma gobe za a tambaye ni. Tawa nika tambaya. Ba ni da lokacin jira mai yawa."

Lawali ya kifa goshinsa a kan kumburarriyar ƙafar uban. Da ƙyar muka ji abin da ya ce.

"Na yahe, Baba."

"To mai da su wurinsu, ka ci gaba daga inda munka tsaya."

Ni na jera fallayen, Lawali ya ci gaba da karatu, tsohon yana saurare ido rufe, wani wurin ya girgiza kai, wani wurin ya ce a maimaita. Ba su kai ko Sudan ba aka kira azahar. Da yake ba zai iya zuwa masallaci ba, a nan gindin dalbejiya aka ja sahu, shi a zaune a ƙarshen sahun, Lawali kusa da shi, ni kusa da Lawali, kafaɗata na taɓa tasa. Da liman ya yi kabbara na ji kafaɗar nan ta zabura, kamar mai jiran saukar wani abu a baya. Uban ma ya ji, don jikinsu na haɗe. Bai tayar da tasa sallar ba, ya jira. Sai da Lawali ya ɗaga hannu ya yi kabbara, sannan tsohon ya yi tasa a bayansa, a hankali, yadda ba wanda zai ji sai wanda ke kusa.